Barin zaren maganaɗisu wajen ajiyar bayanai: abin da manyan kamfanoni suka yi, da abin da ya rage ga taskokin muryoyinmu

0. Gabatarwa

Tun farkon shekarun 2000 manyan kamfanoni da bankuna na Turai da Amurka suka shiga rage dogaro ga zaren maganaɗisu wajen kwafe bayanansu na yau da kullum. Labarin ya iso jami'o'inmu a gurguje, kuma sau da yawa a gurɓace: sai a ji ana cewa zamanin kaset ya wuce, a tura kome bisa intanet a huta. A cikin wannan ƴar takarda muna so mu bayyana abin da kamfanonin suka bari, abin da suka ɗauka a madadinsa, da kuma abin da har yau ba su yarda sun saki ba. Daga nan za mu juyo ga abin da ya fi damun mai nazarin harshe, watau muryoyin da aka ɗauka bisa zare a ƙasar Nijar tun daga shekarun 1960.

1. Batun kalmomi

Kafin a shiga zancen, tilas a raba wasu abubuwa da bakin jama'a ya haɗe. Kalmar faifai ta taso daga marufin kaba na ƙwarya, ta hau kan faifan garmaho saboda kamar da ke tsakaninsu, sa'an nan ta bazu har ana cewa faifan bidiyo ko da babu wani abu mai da'ira a wurin. A nan za mu tsare ta ga abin da ke juyawa cikin kwamfuta, wanda ake kira disque dur da faransanci. Abin da ke naɗe kamar rawani kuwa, ko cikin kaset yake ko bisa ƙwarƙwaro, za mu ce masa zare.

Rabo na biyu ya fi muhimmanci. Faransanci yana da sauvegarde, yana da archivage. Na farko shi ne kwafin abin da ake aiki da shi yanzu, wanda ake sabuntawa kullum don in na'ura ta mutu gobe a tashi daga inda aka tsaya jiya; za mu kira shi kwafin kariya. Na biyu shi ne aje abin da aka gama da shi don ya kai ga waɗanda ba a haifa ba tukuna. Za mu ce taskancewa. Manomi ya san bambancin: akwai hatsin da ake ɗiba kowace safiya, akwai rumbun tsimi da ba a fasawa sai shekara ta ɓaci. Yawancin ruɗanin da muke ji game da barin zare daga haɗe waɗannan biyu yake fitowa.

2. Yadda zare ya yi aiki, da inda ya gaza

Kwamfutar UNIVAC ta 1951 tana karanta zare na ƙarfe. A 1952 kamfanin IBM ya fito da na'urarsa mai lamba 726, mai zaren roba da aka shafe da garin tsatsar ƙarfe. Tun daga nan zare ya zama wurin kwafin kariya na kusan kowace babbar ma'aikata har tsawon shekara hamsin. Tsarin bai da wuyar ganewa. A ƙarshen mako a kwafe kome da kome. Kowane dare kuma a kwafe abin da ya sāke tun daren jiya kaɗai. Ana jujjuya kasetocin bisa wani tsari da ma'aikata ke yi wa laƙabi da kaka, uba da ɗa: na wata, na mako, na yini. Da safe mota ta zo ta kwashe su zuwa wani gini mai nisa, don kada gobara ɗaya ta cinye asali da kwafi.

Zaren da ya fi yaɗuwa yanzu shi ne LTO, wanda kamfanonin HP, IBM da Seagate suka haɗa kai suka fitar a shekarar 2000. Kaset na zubin farko yana ɗaukar giga 100. Na zubi na tara, wanda ya fito a 2021, yana ɗaukar tera 18, watau ya ninka na farko sau 180 cikin akwati mai girma ɗaya. Ke nan ba ƙarancin wuri ya kori kamfanoni ba.

Abin da ya kore su yana cikin halittar zaren kanta. Zare a jere ake karanta shi. Duk wanda ya taɓa neman wata jimla a tsakiyar kaset na awa ɗaya da rabi, yana tura shi gaba yana maido shi baya, ya san abin da muke nufi. Faifai kuwa kansa yana tsallakawa kai tsaye zuwa inda ake so. In faifai ya mutu ran Alhamis, sai a aika a ɗauko kaset na ƙarshen mako da na Litinin da na Talata da na Laraba, a karanta su bi da bi. In guda ya ƙi karantuwa, sarƙar ta tsinke. Kuma mafi yawan lokaci ranar da ake bukatar kaset ita ce ranar farko da aka gwada karanta shi. Ban da wannan, bayanai sun yi yawa har dare ya daina isa a gama kwafi kafin ma'aikata su dawo, alhali banki mai hulɗa ta intanet ba ya da dare ma sam. Ga kuma hatsarin hanya: a watan Yuni na 2005 kamfanin Citigroup ya sanar cewa kasetoci masu ɗauke da bayanan mutum miliyan 3 da dubu 900 sun ɓace a hannun masu jigila.

Akwai wata matsala da ba a cika faɗi ba, ga ta kuwa ita ce ta fi shafar mai taska. Masu ƙera LTO suna cewa kaset zai iya kai shekara 30, amma na'urar karanta shi ba ta jiran shekara 30. Har zuwa zubi na bakwai, kowace na'ura tana karanta kasetocin zubi biyu da suka gabace ta. A na takwas da na tara aka rage zuwa zubi ɗaya. Wanda ya rubuta kaset a 2005 ya kulle a kabad, yau yana riƙe da zare lafiyayye, sai dai ya bi kasuwar tsofaffin kaya neman abin da zai karanta masa.

3. Abin da ya maye gurbinsa

Faifai ya daɗe yana fin zare sauri, tsada ce ta hana a yi kwafin kariya bisa shi. Abu biyu suka karya tsadar. Na ɗaya, farashin faifan kansa ya faɗi ƙwarai. Na biyu, wata dabara ta kawar da maimaici, wadda kamfanin Data Domain, da aka kafa a Kalifoniya a 2001, ya yi suna da ita, har kamfanin EMC ya saye shi a 2009 kan kuɗi fiye da dala biliyan 2.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa rubuta tatsuniyoyi. A ce mutum yana da tatsuniya 500, kowace ta buɗe da gatanan gatananku, ta rufe da ƙurunƙus. Maimakon ya rubuta mabuɗin sau 500, sai ya rubuta shi sau ɗaya ya ba shi lamba, ko'ina ya sāke fitowa ya sa lambar kaɗai. Haka na'urar ke yi: tana yanka bayanai gutsure gutsure, ta lissafa wa kowane gutsure wata lamba da ta keɓanta da shi, in ta riga ta ga irinsa ba ta sāke aje shi. Da yake kwafin wannan mako da na makon jiya kusan abu ɗaya ne a ma'aikata, sai kwafi talatin su shiga wurin da dā biyu ko uku za su cika. Mu lura tun yanzu, domin zai yi mana amfani a gaba: murya da hoto ba su da irin wannan maimaici. Ko mutum ɗaya ya faɗi kalma ɗaya sau goma, lambobin da ke fitowa daga sautinsa daban suke kowane karo. Ribar da banki ke samu daga dabarar, taskar muryoyi ba za ta same ta ba.

Mataki na gaba shi ne tura kwafi ta intanet zuwa gidan na'urori na wani kamfani. Amazon ya buɗe ma'ajiyarsa ta S3 a 2006, ya ƙara da Glacier a 2012, mai arha wajen ajiya amma mai jinkirin awoyi wajen maidowa. Wasu masu fassara suna ce wa wannan gajimare, bin turanci da faransanci. A ganinmu kalmar tana ɓoye gaskiyar abin: babu kome a sama, gini ne mai mai shi, a wata ƙasa mai dokokinta, ana biyan haya kowane wata, kuma galibi ana biyan kuɗin fitar da kaya ranar da aka zo ɗauka. Rumbun haya ya fi dacewa.

Da waɗannan kayan aiki tambayar da kamfani ke yi wa kansa ta sāke. Yanzu abu biyu yake aunawa: aikin awa nawa zai iya jure rasawa, kuma awa nawa zai iya zama a tsaye kafin a maido masa da bayanansa. A zamanin zare amsar ta farko yini ɗaya ce, ta biyu kuma kwanaki. Da faifai da rumbun haya ana iya sauko da su zuwa mintoci, ga mai iya biya.

4. Abin da ba a bari ba

Amma kaset da ke kan kanta yana da wata daraja da saurin faifai ba ya bayarwa: ba ya haɗe da kome. A watan Fabrairu na 2011 wani kuskure cikin sabuwar manhaja ya share wasiƙun wasu masu amfani da Gmail. Kamfanin Google yana da kwafi a gidajen na'urori da dama, amma da yake duk suna haɗe, kuskuren ya bi su. Daga zare aka maido da wasiƙun. A ranar 27 ga Yuni 2017 mugunyar manhajar da aka sani da NotPetya ta shiga kamfanin jiragen ruwa na Maersk, ta shafe na'urorin da ke riƙe da rajistar dukan tsarinsa, waɗanda kowace kwafin ƴar'uwarta ce. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito a 2018, guda ɗaya ta tsira, a ofishin kamfanin na Gana, don an ɗauke wuta a can kafin harin, na'urar ta yanke daga sauran. Ɗaukewar kuran da muke kuka da ita kullum, ran nan ita ta yi aikin da kaset kan yi. Sa'an nan a daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg, wasu abokan hulɗarsa suka tarar kwafin kariyarsu a harabar guda yake da asalin.

Daga irin waɗannan ne ƙa'idar nan ta 3-2-1, da ake dangantawa ga mai ɗaukar hoto Peter Krogh na Amurka, ta samu karɓuwa: kwafi 3, bisa irin ma'aji 2 daban, 1 a wani wuri mai nisa. Tun da masu garkuwa da bayanai suka koyi fara lalata kwafin kariya kafin su kulle asali, sai aka ƙara sharaɗi: guda daga ciki ya kasance ko dai a yanke daga layi, ko kuwa a kulle shi yadda ko mai shi ba ya iya share shi kafin wa'adi. Don haka cibiyar binciken nukiliya ta CERN a Janeba har yanzu bisa zare take taskance sakamakon gwaje-gwajenta. Abin da kamfanoni suka bari shi ne zare a matsayin hatsin yau da kullum. A rumbun tsimi yana nan, ga masu tarin da ya kai a saya masa na'ura.

5. Namu zaren daban ne

Duk abin da muka faɗa a sama game da zare mai ɗauke da lambobi ne. In aka kwafe shi daidai, kwafin da asalin ba su da bambanci ko na ƙwayar zarra. Zaren da magabatanmu suka ɗauki murya da shi, da Nagra ko Uher ko ƙaramin rakoda mai kaset irin wanda Philips ya fitar a 1963, siffar sautin kanta ce ke shimfiɗe bisa shi. Kowane kwafi ya fi na gabansa hayaniya, kowane sauraro yana ɗan goge shi. Da irin waɗannan na'urori aka yi aikin tattara adabin baka a cibiyar da aka kafa a Yamai a 1968 da taimakon UNESCO, wadda ta koma CELHTO ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974. Haka ma a IRSH, da gidan rediyon ƙasa, da kuma cikin kabad na malamai da ɗalibai da suka yi bincike a Ader, Arewa, Gobir, Katsinar Maraɗi da Damagaram. Ga mai nazarin karin harshe wannan ita ce shaida kaɗai ta yadda aka yi magana a waɗannan wurare kafin rediyo da tafiye-tafiye su fara daidaita bakin mutane. Dattijon da aka ɗauka a 1972 ba za a koma a sāke tambayarsa ba.

Zaren yana mutuwa ta hanyoyi sanannu. Tsohon zare na asetat yana ruɓewa yana warin tsami, ya ƙanƙance, ya karye. Wasu zarurrukan shekarun 1970 da 1980 kuma, ƙaron da ke riƙe garin maganaɗisu yana shan laima ya yi danƙo, sai zaren ya riƙa ƙara yana barin baƙin gari bisa kan na'ura. Abin da ya zube nan, muryar ce. Masana suna gasa irin wannan a tanda ta musamman, kusan digiri 50, na awoyi, don ya karantu na ɗan lokaci. (Kada wani ya ce ai zafin Afrilu zai yi mana wannan aiki kyauta: zafi marar awo, da laimar damina a bayansa, da ƙurar hunturu, su ne ke kawo cutar. Abin da ake so ɗaki ne mai sanyi kusan digiri 20 wanda ba ya hawa da sauka.)

Duk da haka na'ura za ta riga zare ƙarewa. Tun 2015 taskar fim da sauti ta ƙasar Ostareliya ta ambaci 2025 a matsayin lokacin da juyar da zare da yawa zai gagara saboda rashin na'urori, da kayan gyara, da masu gyaran. A 2019 UNESCO da ƙungiyar taskokin sauti ta duniya, IASA, suka yi irin wannan gargaɗi. Wa'adin ya riga ya cika. A nan barin zare ba zaɓi ba ne da za a auna riba da hasara kamar yadda banki ya yi.

6. Abin da sashe ɗaya zai iya

IASA tana ba da shawara a juya murya zuwa fayil na WAV, wanda ba a matse ba, da awo aƙalla 48 kHz da bit 24, in da hali 96 kHz. MP3 yana zubar da abin da aka ɗauka kunne ba ya ji, alhali mai nazarin furuci sau da yawa abin da kunne ba ya rabewa yake aunawa, kamar ɗan tsaikon da ke bayan ƙ da ts, ko yanayin maƙogwaro cikin ɓ da ɗ. A yi MP3 don rabawa ɗalibai, amma kada ya zama uwa. Wajibi ne kuma a kula da gudun zare: rakodan da batirinsa ya yi sanyi a ƙauye yana ɗauka a hankali, in aka saurara da gudu na daidai sai murya ta ƙara tsini, wasula su gajarce. Bambancin karin sama da na ƙasa zai tsira, amma duk awon da aka yi na tsawon wasali zai fito karkatacce.

Lissafin wuri bai da ban tsoro. Awa ɗaya ta 96 kHz da bit 24, layi biyu, tana cin kusan giga 2. Awa 1000 ke nan tera 2, abin da faifai ɗaya na kasuwa ke ɗauka. Kaset ɗaya na LTO zubi na tara zai haɗiye fiye da awa 8000. Wannan ya nuna sashe ɗaya na jami'a ba ya da dalilin sayen na'urar LTO mai tsada, mai ƙin ƙura, wadda za a sāke bayan ƴan shekaru. Sai dai in taska ce ta ƙasa baki ɗaya.

Rumbun haya kuwa, a auna shi da halin da muke ciki. Tura tera 2 bisa layi mai megabit 10 yana ɗaukar fiye da kwana 18 ba tsayawa, maido su ma haka. Nijar ba ta da gaɓar teku, intanet ɗinta ta ƙasashen maƙwabta take biyowa. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka yi kwanaki cikin wahala. Daga Agusta 2023 kuma Najeriya ta yi watanni ta tsaida wutar da take ba Nijar. Haya da kuɗin waje ake biya, kuma kuɗin bincike na shekara uku ne ko huɗu. Ran da ya ƙare, mai rumbu ba ya jira. Akwai taskokin ilimi da ke karɓar ajiya, irin Pangloss ta cibiyar LACITO a Faransa, ko ELAR da ta tashi daga Landan ta koma Balin a 2021. Suna da amfani a matsayin kwafi na nesa, bisa sharaɗin cewa an rubuta wa ke da izinin saurare, domin ba kowace magana da dattijo ya yi wa ɗalibi a zaure ya yi ta don duniya ta ji ba, kuma bisa sharaɗin cewa cikakken kwafi ya zauna a gida.

Abin da muke gani ya fi kusa da ƙarfinmu shi ne jami'o'in su riƙa riƙe wa juna. Tsakanin Yamai da Damagaram kusan kilomita 900 ne. Gobara ko ambaliya ɗaya ba ta haɗa su. Faifai ɗaya na aiki, na biyu a cire shi daga wuta a kulle a wani gini, na uku a Maraɗi ko Tawa ko Damagaram. Sai dai faifai ba kaset ba ne da za a manta da shi shekara 20. Kowane fayil a lissafa masa hatiminsa, watau lambar nan da ke sākewa in ko bit ɗaya ya gurɓata. Kowace shekara a tada faifan a gwada hatiman. Bayan kamar shekara biyar a kwashe zuwa sabo tun tsohon bai nuna alamar ciwo ba. Wannan aiki ne na wani mutum takamaimai mai layi cikin kasafin sashe, in ba haka ba ba za a yi shi ba.

Murya marar bayani kuma rabin shaida ce. A ɗauki hoton kwalin kaset da duk abin da aka rubuta a jikinsa kafin a taɓa shi. A rubuta wa ya yi magana, a ina, yaushe, da wane karin harshe, wa ya ɗauka. Rubutun da ke rakiyar muryar shi ma yana da tasa cutar: a shekarun 1990 haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ da wasu zubin haruffa na musamman ake buga su, kowace ma'aikata da nata, kuma in aka buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da zubin sai alamomi marasa ma'ana su fito a gurbinsu. A maida su Unicode tun ana iya gane wace alama ke tsaye a madadin wane harafi.

Da yake ba za a iya juya kome lokaci guda ba, sai a jera. A fara da kasetocin DAT, waɗanda Sony ya fitar a 1987 ya daina ƙera na'urarsu a 2005: ko da yake sun fi sauran ƙuruciya, zarensu siriri ne, kuma in sun lalace sautin yankewa yake gaba ɗaya. Sai zaren asetat da duk wanda ya fara danƙo ko wari. Sa'an nan sauran, a gabatar da wanda babu kwafinsa ko'ina bisa wanda aka san akwai irinsa a wata taska. Bayan an juya, kada a zubar da zaren asali. A maida shi kwalinsa, a tsaye, nesa da lasifika da taga.